An Ce Na Gudu, Makulli Yana Hannuna

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda na bar gida ba. Kukan filin jirgi iri ɗaya ne a ko'ina. Na dai sauka Dubai da akwati ɗaya, da takardar gama sakandare, da lambar wayar Alhaji Sabo, aminin marigayi Babanmu, mai shagon kargo a Al Ras.

Al Ras tsohuwar unguwar 'yan kasuwa ce a bakin ruwa. Ko ido rufe mutum ya shiga, hanci zai gaya masa inda yake: kanumfari, busasshen lemon tsami, turaren wuta, da zufar jama'a. A nan na fara aiki. In auna kaya, in rubuta sunan mai su a jikin kwali, in yi faɗa da hajiyoyin da ke cusa kwalaben turare cikin dogayen riguna su rantse tufafi ne zalla. Ranar loda kwantena kuma mu tafi sito a Al Quoz, inda zafin ƙasa ke tasowa ya haɗu da na sama. Alhaji ya yi mini biza da sunan kamfaninsa. Albashin ba yawa, amma bai taɓa tsallake wata ba. Ni dai gani nake ba don in riƙa manna salatif a kwali na yi karatu ba.

A ɗakin da muke haya, mu mata da yawa, gado bisa gado, wadda ke kwana a ƙasana ita ce Tanti Rakiya, 'yar Maraɗi. A shekaru ta haife ni. A wani kamfanin turare take aiki, kuma ba a taɓa kawo zance a ɗakin nan ta bar shi ya wuce ba ta sa masa baki ba.

Wata rana wani mutum mai babbar riga da ƙamshi ya zo aika kaya gida. Na ji Alhaji yana ce masa Darakta. Ashe gwamnatin jiharmu ta buɗe ofis a Dubai don jawo masu zuba jari, shi ne shugaban ofishin. Ba zan faɗi sunan jihar ba. Ba kunyarsu nake ji ba, kuɗin wani lauyan ne ba ni da shi.

Ya ji ina rigima da wani direba Bapakistane da Turanci, ina haɗawa da ɗan Larabcin da na tsinta, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan yarinyar taka ai ɓata ta kake a nan. Ina neman wadda za ta zauna mini a gaban ofis."

Da ya tafi, Alhaji ya zaunar da ni.

"Shamsiyya, in kina so ki je. Amma ki bar bizarki a kamfanina. Ki riƙa yi musu aiki a matsayin wadda na ba su aro. Shi ma ya ce ya yarda da hakan."

"In kuma na koma bizarsu fa, Baba?"

"Kin zama tasu ke nan."

"Ma'aikaciyar gwamnati?"

"Haka za a ce."

Daga nan ban ƙara jin abin da yake faɗa ba. Wanda ba a garinmu ya tashi ba, ba zai gane ba. Babanmu ya mutu yana sayar da yadi a kasuwa, burinsa ɗaya a duniya ya ga ɗansa ko 'yarsa da aikin gwamnati. Yayyena maza sun yi ta kai takardu sakatariya har takalmansu suka cinye. Ga shi ni, mace, auta, an miƙo mini, kuma a Dubai. Da na kira Umma, sai da ta yi guɗa a waya. Washegari ta soya waina ta raba wa duk layinmu.

Tanti Rakiya kaɗai ta ɓata mini rai. Tana shafa man zafi a gwiwa ta ce, "Bon, ɗiyata, in tambaye ki. Kamfani in ya cuce ki, akwai inda za ki kai shi. Gwamnati fa, in ta cuce ki, ina za ki kai ta?"

"Tanti, ke dai ba kya ganin alheri ki yi shiru."

"To, voilà. Na yi shiru."

Na koma bizarsu. Har yau ban ga wanda za a ba wannan zaɓin a layinmu ya zaɓi kwali ba.

Ofishin yana wani dogon bene a Deira. Ta taga ana hango kwale-kwale suna tsallaka da mutane. Ni ke riƙe da makulli. In buɗe da safe, in kunna esi, in dafa shayi, in goge hoton Gwamna. Masu zuba jari kuwa, a duk zamana mutum ɗaya ya taɓa turo ƙofar, wani Baturke, shi ma likitan haƙori yake nema ya ɓata hawa. Ainihin aikin shi ne tarbar manya daga gida. In kama wa kwamishina otal, in raka matarsa kasuwar gwal, in riƙe mata jaka tana ciniki. Ban damu ba. An ba ni kati mai tambarin jiha, na ɗauki hotonsa na tura gida.

A ƙofar benen akwai mai gadi ɗan Nepal, sunansa Bishnu. Siriri ne, ba ya da yawan magana. Kullum in na shigo sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sista, gud monin." Iyakarmu ke nan da shi a lokacin.

Sai aka yi zaɓe a gida, jam'iyyar Gwamna ta faɗi.

Darakta ya yini yana waya a ɗaki, ƙofa rufe. Bayan 'yan kwanaki ya fito da fara'arsa ya ce, "Shamsiyya, zan leƙa gida in gaida sababbin mutane in dawo. Ki kula da ofis, kada ki bari ya yi ƙura."

Ni na saukar masa da kaya zuwa mota. Akwatuna, kwamfuta, da injin kofi. Ina riƙe da injin nan a lifta, amma kaina bai kawo mini cewa mai zuwa ya dawo ba ya tafiya da injin kofi ba.

Wata ya ƙare ba albashi. Wani ya bi shi. Wayar Darakta tun tana shiga ba a ɗauka har ta daina shiga. Na gaya wa Umma, ta ce, "Ke dai ki yi haƙuri. Na gwamnati yakan makara, amma ranar da zai zo a dunƙule zai zo. Kada ki kuskura ki yi fashi su samu abin faɗa."

Ban yi fashi ba. An biya hayar ofis ta shekara tun farko, don haka ba wanda ya kore ni. Kullum in zo in buɗe. Hoton tsohon Gwamna ya dame ni, ban san ko laifi ne a bar shi ba, ban san ko laifi ne a cire ba. Na sauke shi na jingina da bango, fuskarsa tana kallon fenti. Daga baya aka yanke wuta. Ofishin gilashi ba esi a Dubai, wannan tanda ce. Sai in buɗe ƙofa in jawo kujera bakin lifta inda sanyin benen ke isowa. Bishnu ya fara hawo mini da ruwan sanyi, wani lokaci da rabin burodinsa. Ba ya tambayata komai.

Da abin da na tara ya ƙare, na ajiye girman kai na koma Al Ras.

"Baba, ka mayar da ni."

Alhaji bai ce mini ai na gaya miki ba. Da ya faɗa ma da na fi jin sauƙi. Hularsa kawai ya ɗauka muka tafi shagon da ake buga takardun biza. Ba'indiyen da ke wurin ya karɓi fasfona, ya danna, ya ƙara dannawa, sannan ya juyo da fuskar kwamfutar wajen Alhaji, ba wajena ba.

"Haji, babbar matsala. An kai rahoto wannan ta gudu daga wurin aikinta."

"Wa ya gudu?" na ce. "Ni? Daga ofishin nake yanzu! Ga makulli!"

Na zaro shi na buga a kan teburinsa. Ya kalli makullin, ya kalle ni, ya ɗaga kafaɗa. Ya nuna mana ranar da aka shigar da rahoton. Jajibirin tafiyar Darakta ne. Wato lokacin da nake rungume da injin kofinsa a lifta, ni gudajjiya ce tun jiya.

A hanya Alhaji ya fayyace mini. In mai gida zai sallami ma'aikaci bisa ƙa'ida, sai ya biya shi haƙƙinsa, ya saya masa tikiti, ma'aikacin ya sa hannu. In kuwa ya ce gudu ya yi, ya huta da duk wannan. Wanda aka rubuta wa gudu ba mai ikon ɗaukarsa aiki. In 'yan sanda suka duba katinsa, sai tsarewa, sai jirgi, kuma ba shi ba dawowa ƙasar. Mai goge kalmar biyu ne: wanda ya rubuta ta, ko hukumar da ta bincika ta ga ƙarya ce.

Washegari na tafi ofishin ƙwadago, inda ma'aikata ke kai ƙarar iyayen gidansu. Na sha ganin leburori sun kai manyan kamfanoni can sun yi nasara. Wata Balarabiya mai kirki ta saurare ni har na gama, ta duba, ta girgiza kai.

"Habibti, wanda ya ɗauke ki ba kamfani ba ne. Ofishin gwamnatin waje ne. Ba ya ƙarƙashinmu, ba mu da ikon kiransa."

"To wa ke da iko?"

Ta ce in nemi lauya.

Kafin lauya, Alhaji ya ce a gwada hanyar gida. 'Yan kasuwarmu na Al Ras suna da tasu shari'ar. In wani ya cuci wani, dattawa su zauna a shago bayan la'asar, a kira shi. In ya ƙi gaskiya, ba mai kargon da zai ƙara loda masa ko tsinke. Wannan hukuncin ya fi kotu saurin lanƙwasa mutum. Aka zauna a kan buhunan citta, aka samo sabuwar lambar Darakta, aka sa wayar a tsakiya kowa yana ji.

"Wace Shamsiyya?" in ji shi. "Au, yarinyar ofis. Alhaji, ai ba ni na yi ba, gwamnati ce ta yi. Umarni aka ba ni in rufe komai kafin in taho. Ni yanzu ko kujera ba ni da ita."

"Ranka ya daɗe, layi ɗaya za ka rubuta a janye."

"Da wane matsayi? In na rubuta da sunan ofis yanzu, ni za a kama."

Ban san lokacin da na fizgi wayar ba. "Kai da bakinka ka ce kada in bari ya yi ƙura! Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Ke! A gaban manya?" Alhaji ya karɓe wayar. Amma an riga an kashe.

Aka kira wani babba a sabuwar gwamnati, ɗan uwan ɗaya daga cikin dattawan. Shi kuma ya ce wannan ofis ɓarnar gwamnatin da ta shuɗe ce, su ba su san da shi ba, kwamiti ma aka kafa a kansa. Wani tsoho mai sayar da darduma ya ce, "To wa za mu hana lodi? Gwamnati ba ta da kwali a sitonmu." Aka shafa fatiha aka watse.

Lauyan da aka haɗa ni da shi Ustaz Usman ne, ɗan Sudan, ofishinsa a saman wani shagon kayan yaji. Ina fara bayani da gurguwar Larabcina sai ya ce, "Yi Hausa, ɗiyata, ina ji." Ashe kakansa daga ƙasar Hausa ya tashi da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a Sudan bai ƙarasa ba, bai koma ba. Hausarsa irin ta kakata ce, tsohuwa, a hankali. Na kusa yin kuka don ita kaɗai.

Ya saurara, ya juya makullin a hannunsa, ya ce, "Gaskiyarki a fili take. Amma ina tsoron ba za a kai ga gaskiyar ba."

"Kamar yaya?"

"Gwamnati tana da rigar kariya a kotun da ba tata ba. Alƙalin wata ƙasa ba ya gurfanar da ita sai in ita ta yarda. Za mu ce wannan ɗaukar aiki ne kawai, irin na kowane shago, bai kamata rigar ta rufe shi ba. Wani lokaci alƙali yakan karɓi haka. Su kuma za su nuna katin nan naki mai tambari, su ce ke ma'aikaciyar gwamnati ce a ofishin gwamnati."

Katin da na ɗauki hotonsa na tura gida.

"Ustaz, ni ba albashin nake bi ba, su riƙe. Kalma ɗaya nake so a goge."

"Na sani. Mu gwada." Bai karɓi ko sisina ba, sai abin da kotu ta caja, shi ma Alhaji ya biya.

Sammacin gwamnati ba a ba masinja ya kai. Sai ya bi ta ma'aikatar harkokin waje ta ƙasarsu, ya tsallaka ta ƙasarmu, ya gangara jiha. Watanni ya yi a hanya. Ni kuwa ba aiki, ba kuɗin hayar gado a Al Ras. Lokacin kamfanin su Tanti Rakiya ya mayar da su gidan ma'aikata a Dubai Investments Park, can bayan gari, inda ba komai sai masana'antu da yashi. Ita ta ɗauke ni. In shimfiɗa bargo a tsakanin gadaje, in mai duba ɗakuna zai zo in shige banɗaki. Ko sau ɗaya ba ta tuna mini maganarta ba. Sai dai in ta ga na yi tagumi ta ce, "Tashi ki daka mini daddawa, madame fonctionnaire," wato ma'aikaciyar gwamnati da Faransancinsu. Tana da daddawa a gwangwanin madara, tana tattalinta kamar gwal. Ranar da ta buɗe gwangwanin, ɗakin ya koma tsakar gidanmu.

Duk da haka ban daina zuwa ofis ba. Ustaz ya ce in ci gaba, don a samu mai shaida. Bas, sannan jirgin ƙasa, tafiya mai nisa, kuma duk mai kaki da na gani sai in kauce masa. In isa, Bishnu ya ɗaga hannu, in hau in buɗe, in share ƙurar da aka ce kada in bari, in kulle in dawo.

A ƙarshe na gaya wa Umma komai. Ta ji ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Kada ki faɗa wa kowa tukuna. Ina ce musu aiki ne ya yi miki yawa."

Ranar zaman kotu Tanti ta ɗauki hutun da ba a biya. A ƙofa muka tarar da Bishnu, rigarsa ta sha guga, ya canza ranar hutunsa da wani don ya zo ya ce kullum yana ganina. Ustaz baƙo ne, ba ya tsayawa gaban alƙali, wani lauya ɗan ƙasa da suke aiki tare shi ya tsaya mana. Ta ɗaya gefen kuwa ga lauyoyi cikin kwat masu tsada. Gwamnatin da ta ce ba ta san da ofishin ba, ta san hanyar ɗaukar lauya a Dubai.

Na kwana ina shirya abin da zan faɗa. Ba a tambaye ni ba. Lauyansu ya miƙe ya yi magana gajeriya, tafinta yana raɗa mini. Bai ce na gudu ba. Bai ce ban gudu ba. Ko sunana bai kira ba. Cewa ya yi wadda ake ƙara gwamnati ce, abin da aka yi aikin gwamnati ne, kuma ba ta yarda wannan kotu ta saurari maganar ba. Namu ya mayar da martani, aka miƙa takardu, aka ce a tashi. Ba a kira Bishnu ba. Ya koma da rigarsa ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Da hukunci ya fito, Ustaz ya kira ni ofishinsa. Ya zuba mini shayi kafin ya yi magana, a nan na gane.

"Kotu ta ce ba ta da hurumi."

"Wato na faɗi?"

"Ba ki faɗi ba. Ba a ma fara ba."

"Ka ce in gwamnati ta yarda ana iya yi. To a tambaye ta mana!"

"Ai ita ce ta aiko ta ce ba ta yarda ba."

"Ustaz, a waya sun ce gwamnati biyu ce, tsohuwa da sabuwa, kowace ta ce ba ita ba ce. Yau a kotu kuma ta zama ɗaya?"

Ya cire tabarau ya goge. "Wajen sa rigar, ɗaya ce."

Ya ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma shekara za ta iya wucewa ina ɓuya a banɗaki, kuma shi bai ga alamar za a canza ba. Ya ce in gwada kotun gida, can ba ta da wannan rigar. Na kira ɗan Kawuna da ya karanta lauya. Ya ce, "Shamsiyya, ko alƙalin nan ya ba ki gaskiya, hannunsa ba ya kaiwa kwamfutar Dubai. Kuma ƙarar jami'in gwamnati tana da ɗan gajeren wa'adi, naki ya wuce tun kina share ofis." Kotun can tana da iko da kwamfutar, ba ta da iko da gwamnatin. Kotun gida tana da iko da gwamnatin, ba ta da iko da kwamfutar. Ni ce a tsakiya da tsintsiya.

Khalas, in ji Larabawa, shi ke nan. Na gaji. Na ce wa Alhaji zan miƙa kaina.

Kafin nan na je in mayar da makulli. Manajan benen ya ɗaga hannu biyu kamar na miƙo masa garwashi. Ya ce sai wakilin mai haya zai iya mayarwa, ni kuma a takarda ba ma'aikaciyarsu ba ce, tunda na gudu. Na hau na kulle ofishin, hoton yana nan yana kallon bango. A ƙasa Bishnu ya ba ni wani ɗan zare ja da suke ɗaurawa a hannu don tafiya. Ba addinina ba ne, ban ɗaura ba, amma na karɓa da hannu biyu.

Alhaji ya sayi tikiti. Tanti ta raba daddawarta biyu ta ƙulle mini rabi, ni da zan tafi inda ake yin ta. Na ce, "Tanti, gida fa za ni." Ta ce, "Karɓi, mi ya dame ki? Ba ni da wani abin ba ki." Daga nan sai ofishin shige da fice. Suka ɗauki hoton yatsuna da na idona, na yi 'yan kwanaki a tsare tare da wasu mata da suka gudu da gaske, wasunsu da dalilin da ko ni da na gudu. Sannan aka raka mu jirgi. Ba zan ƙara shiga ƙasar ba. Kalmar tana nan a jikin sunana.

Bayan na huta a gida, na shirya na tafi sakatariya, ma'aikatar da ofishin ke ƙarƙashinta. Umma ta ce in bari. Na ce kayan mutane ne, ba zan riƙe ba. Aka yi ta tura ni daga wannan ɗaki zuwa wancan har na dangana da wani jami'i mai furfura a gemu. Na ajiye makullin a gabansa na ba shi labari a taƙaice. Ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ya tsaya. Ya fita, ya yi shawara da wani, ya dawo.

"Malama, ba za mu iya karɓa ba."

"Naku ne fa."

"In muka karɓa daga hannunki, ya nuna ke ce ke riƙe da ofishin har ƙarshe. Lauyoyinmu sun ce kada a yi abin da zai taɓa matsayin gwamnati a maganar."

"Wato kun san ban gudu ba."

"Ni ban ce ba."

"Ba wanda ya taɓa cewa ai."

Na bar shi a kan teburin na fice. Na sauko bene, na ratsa filin ajiye motoci, na kusa bakin ƙofa, sai na ji ana kira a bayana.

"Hajiya! Hajiya, tsaya!"

Wani tsohon masinja ne, sa'an Babanmu, silifas ɗinsa ɗaya ya cire a hanya. Ya iso yana haki, ya dafa gwiwa, ya miƙo mini makullin.

"Oga ya ce kin manta abinki. Don Allah 'yata ki karɓa. Ya ce in na koma da shi, in nemi wani aikin."

Na tsaya ina kallonsa. Tun da abin nan ya faru, ban taɓa ganin wani daga gwamnati ya biyo ni ba sai yau, kuma a guje.

Na karɓa. Na jira ya koma ya ɗauki silifas ɗinsa, sannan na jefa makullin a jaka na tari adaidaita.